Ɗalibin da Ya Ja Ƙararrawar Tolliver

Duk wanda ya taɓa zama a garinmu Tolliver ya san Orval Tackett, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai koɗaɗɗiyar jar hula da za ka gani duk ranar Juma'a yana tura keken fenti a filin ƙwallon Amurka na kwalejinmu, kai a sunkuye, yana jan farin layi. Shekara arba'in da uku yana wannan aiki, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ya ga layinsa ya karkace ba. In ka taka masa ciyawa da takalmin da bai dace ba, ko kai ne shugaban kwalejin, sai ka jiyo muryarsa daga can ƙarshen fili.

Bayan ciyawa da layi, ƙararrawa ma a hannunsa take. Tsohuwar ƙararrawar jirgin ƙasa ce, ɗaliban zamanin kakanninmu suka jawo ta a amalanke suka rataye a wata 'yar hasumiyar katako da ke kusurwar fili. Su ne suka kafa mata doka, wadda ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ya san ta. Duk ranar da ƙungiyarmu ta ci wasa a gida, sai a buga ta daidai yawan makin da aka ci. Ɗalibi kaɗai ke jan igiyar. Ma'aikaci ba ya ja, koci ba ya ja, ɗan wasa ma ba ya ja, don yabon kai jahilci ne. Wanda ya fara kuma shi zai ƙarasa. Orval ke shafa mata mai, shi ke canza igiya, shi ke korar zanzaro daga cikinta, amma tsawon shekarun nan bai taɓa sa ta ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

A gindin ƙararrawar nan ya samu matarsa. Yana shekararsa ta biyu a aiki aka ci wasa da maki arba'in da biyu, wata 'yar firit ɗin ɗaliba mai suna Maxine ta ture samari uku ta cafke igiya. Ta ja har ƙarshe, tafin hannunta duk ya saɓule. Shi ya kai ta rumfar kayan aikinsa ya ɗaure mata hannu da bandeji. Ta juya hannun ta duba, ta ce ɗaurin bai yi kyau ba, ya sake. Ya kwance ya sake. In ana hira yakan ce tun daga ranar haka zaman nasu yake.

A wancan zamanin, Asabar ɗin wasa a Tolliver sai wanda ya gani. Tun ƙarfe takwas na safe filin ajiye motoci ya cika da akori-kura, an sauke murfin baya, an kafa tukuba, hayaƙin nama ya tashi har ya rufe ɗakin karatu. Ga duro-duro na giya, ga tukwanen wake da nama mai yaji, kowace mota da nata kiɗan. Samari su tuɓe riga cikin sanyi su shafe ƙirji da jan fenti. Kafin a busa usur ɗalibai dubu biyu sun cika benci, suna ihu wa 'yan wasanmu masu hular kwano da ke ta karo da juna a tsakiyar fili. Orval ya tsani wannan hidima, ba ya kuma ɓoyewa. Shi ke kwashe gwangwani ranar Lahadi, shi ke wanke amai a kan benci, sau huɗu yana sake kafa ƙarfen gola bayan 'yan maye sun tuge shi sun jefa a rafi. Ba shi da wani suna da yake kiransu da shi sai 'ya'yan banza.

Kada in yi wa zamanin nan ado fiye da kima, an yi ɓarna. Shekarar da wani ɗalibi ya faɗo daga saman mota ya karya gadon baya, Orval ne ya riƙe masa kai har motar asibiti ta iso. Bayan haka kwaleji ta hana shigo da duro, ta zuba masu gadi. Amma ba dokar ce ta kashe Asabar ba, yaran ne suka canza a hankali. Wasu aiki suke yi ranar, don karatu ya yi tsada. Wasu tun Juma'a da la'asar sun kama hanyar gida. Da yawa ba sa ma shan giya, in sun taru su biyar ne ko shida a ɗaki. Masu son ƙwallo kuwa daga kan gado suke kallon manyan ƙungiyoyi a waya, wasa huɗu a lokaci guda. Benci ya yi ta zaizayewa har ya rage iyayen 'yan wasa da mu tsofaffin gari. Ranar Lahadi Orval ya zaga fili da buhun shara ya dawo da shi kusan wayam. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ke nan, ya samu, bai kuma ji daɗinsa ba.

Bara aka ci wasa biyu a gida, ƙararrawa ba ta motsa ba, don babu ɗalibi ko ɗaya a wurin.

Da a ce don kansa ne, da ya haɗiye. Amma akwai Maxine. Ciwon suga ya tafi da idonta shekara uku da suka wuce, ƙafa ma ta ƙi. Gidansu na kan tudu, mil ɗaya daga fili, kuma duk Asabar ɗin wasa sai ya fito da ita barandar gaba ya lulluɓe ta da bargo kafin ya tafi. Ba ta son rediyo, ba ta son a kira ta a waya. Ƙararrawa take jira ta ƙirga da kanta. A da, yana shigowa gida abin da take fara tambaya ɗaya ne, wa ya ja. Sai ya faɗa mata sunan ɗalibin, da abin da yake karanta, da ko hannunsa ya fashe.

Ranar da aka ci wasa na farko ba a buga ƙararrawa ba, ya shigo ya ce, "Mun ci, Maxie. Ashirin da huɗu da sha bakwai."

Ta ce, "Ban ji ba."

"Ai ga shi na gaya miki."

"Ka gaya min. Ni dai ban ji ba." Ta gyara bargonta. "Kuma kada ka kuskura ka ja da hannunka, Orval Tackett. Kai ma'aikaci ne."

Ya yi iyakar ƙoƙarinsa a wannan kakar. Ya kafa tukuba a ƙofar ɗakin cin abinci yana raba gasasshen nama kyauta, da 'yar takarda mai ɗauke da lokacin wasa. Yaran suka karɓa da ladabi, suka yi godiya, wasu suka ce ba sa cin nama, ranar Asabar kuwa ko ƙeyarsu. Ya samu ɗaya da ya zo ya zauna har hutun rabin lokaci, sai motar da za ta kai shi gida ta iso, ya ba da haƙuri ya tafi. Aka kuwa ci wasan.

Koci Dubose, wanda sun yi shekara goma sha biyu suna zolayar juna, ya same shi a gindin hasumiya ya ce, "Orv, ka ja abinka mana. Wa zai sani?"

"Za ta tambaya."

"Ka ce wani Tyler ne. Rabin makarantar nan ai sunansu Tyler."

"Shekara arba'in ban yi mata ƙarya ba, Koci. Ba zan fara yanzu da ba ta gani ba."

A watan Yuni likita ya ja shi gefe ya ce zuciyar Maxine ta gaji. Kakar wasa ɗaya zai iya cewa za ta gani, biyu kam ba ya alkawari. Orval ya koma bakin aiki ya yanke ciyawar da ya riga ya yanke da safe. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, kada matar nan ta tafi tana sauraron shiru.

Ranar Litinin ta biyu a watan Agusta ya wanke hannu da sabulu, ya cire hula, ya shiga ofishin rajista. Matar da ke kan tebur ta ɗago ta ce, "Mista Tackett, famfo ne ya sake lalacewa?"

Ya ce, "Rajista na zo."

Akwai wata dama da kwaleji ke ba ma'aikatanta, su ɗauki darasi ɗaya kyauta kowane zango. Orval bai taɓa waiwayarta ba, don da ƙyar ya gama sakandare kuma ya rantse shi da aji har abada. Matar ta yi masa bayani cewa in ya yi fashi sau uku ko ya ƙi ba da aikin gida, za a soke sunansa, katin ya mutu. Ya ce ya ji. Ya zaɓi ilmin ƙasa da tsirrai, don a ganinsa in dai ƙasa ce babu wanda zai koya masa. Aka ɗauke shi hoto, goshinsa fari fat inda hula ta rufe shekara da shekaru, aka miƙo masa katin ɗalibi da ɗuminsa.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Wasan gida na farko yana Asabar ta biyu a Satumba. Ya daure mako uku a aji, a ci wasa, ya ja ƙararrawa, ya ajiye musu littafinsu. Ya manta da cewa ƙungiyarmu ce, sarkin shan kashi. Aka lallasa mu a wasa na farko, aka sake a na biyu. Na uku har ana jan ragama, minti biyu a tashi aka ƙwace. Kowace Asabar aka sha kashi, Orval ya san ranar Talata sai aji.

Can baya yake zama, gwiwoyinsa na tokarar tebur. Malamar ajin, takalmin aikinsa ma ya kusa girme ta. A mako na biyu ta faɗi lokacin da ya kamata a zuba wa ciyawa taki, ya ɗaga hannu ya ce wannan a littafi ne, ba a Tolliver ba. Ta ce ya kawo hujja. Ya kwashi ajin gaba ɗaya ya kai su fili, ya tona da wuƙar aljihu ya nuna musu saiwa. Ta yarda ya fi ta gaskiya a wannan. Amma da aka shiga sunayen gishirin ƙasa da lissafinsu, sai ido ya raina fata. Aikin gida kuma duk a kwamfuta ake turawa, shi da yatsunsa ke danna harafi biyu lokaci guda.

Wata ɗaliba mai suna Yesenia Barrera ke zama kusa da shi, ita ta nuna masa inda ake dannawa. Wata rana suna jiran malama ya kasa haƙuri ya ce, "Ke, wai me ya sa ba kwa zuwa kallon wasa?"

Ta ce, "Ranar Asabar ina gidan kula da tsofaffi, Mista T, daga bakwai na safe har biyar. Ina yi musu wanka, ina juya waɗanda ba sa iya juyawa. Lahadi in yi karatu. A ina zan sa ƙwallo?"

"Sauran fa?"

Ta nuna da baki. "Wancan yana kai abinci gida-gida. Waccan ƙannenta uku take riƙo. Wancan kuwa," ta yi dariya, "wancan malalaci ne kawai, ba ni da abin kare shi."

Orval ya bi ajin da kallo. Sai ranar ya lura da yawansu idanunsu a kumbure suke don gajiya, ba don maye ba. Ya gaya min daga baya cewa kunya ta kama shi, don ya daɗe yana zaginsu a zuci. Daga ranar yakan zo aji da buhun tuffa daga bishiyar bayan gidansa ya ajiye musu a bakin ƙofa.

Maxine kuwa abin da ya faɗa mata shi ne Talata da Alhamis yana da aiki a ginin kimiyya. Ya auna maganar ta kowace fuska ya ga ba ƙarya ba ce. Ta ce, "Wane irin aiki ne wannan da kake dawowa kana ƙamshin sabulu?" Ya ce aiki ne mai wuya. Wannan ma gaskiya ce.

Ya yi jarrabawar tsakiyar zango ya tsallake da ƙyar, da maki ɗaya tak. Wasa na huɗu aka sake shan kashi. Koci Dubose na hango shi sai ya ɗaga murya, "Ɗan makaranta, an yi aikin gida kuwa?"

"Ku ci wasa ɗaya in huta, don Allah."

"Gemu ba ya hana ilimi, Orv."

"Naka gemun me ya hana? Shekara sha biyu ba ka koya musu riƙe ƙwallo ba." Ya murza kafaɗarsa ta dama, wadda ta daɗe tana damunsa. "In za ku ci, ku ci da maki kaɗan. Bakwai ma ya isa."

Saura wasa ɗaya a gida, tsakiyar Nuwamba. A makon Maxine ta kwana biyu ba ta iya tashi ba, numfashi na yi mata wuya. Safiyar Asabar ya ce ta zauna a ciki, sanyi ya yi yawa. Ta ce ya fitar da ita baranda ko ta rarrafa da kanta. Ya ɗauke ta cak, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan, ya zaunar da ita ya ninka mata bargo uku. Maƙwabciyarsu ta ce za ta zauna da ita.

Ya riga ya ɗauki hutun yini a rubuce, don kada wani ya ce yana bakin aiki. Ya bar rigar ma'aikata a mota. Ya hau ɓangaren bencin ɗalibai, mai ɗaukar mutum dubu biyu, ya zauna shi kaɗai a tsakiya da jar hularsa. Muna daga ɗaya ɓangaren muna kallonsa, wasu na dariya, ba su san dalili ba.

Ban san abin da ya shiga yaran Koci Dubose ranar ba. Suka yi wasa kamar an yi musu allura. Duk makin da suka ci, Orval ya miƙe ya yi ihu, sannan ya zauna ya dafe kafaɗa. Dusar ƙanƙara ta fara sauka kaɗan-kaɗan. Aka tashi talatin da ɗaya da ashirin da takwas, mu ne da nasara.

Ya sauko ya nufi hasumiya. Wani tsohon ɗalibi na zamanin da, irin masu riƙe doka, ya tare shi ya ce, "Tsaya, Orval. Ma'aikaci ba ya ja." Orval ya zaro kati daga aljihun ƙirji ya kai masa har hanci. Mutumin ya karanta, ya sake karantawa, ya cire hularsa ya matsa gefe.

Igiyar sabuwa ce, shi da kansa ya ɗaura ta a Agusta, kaushinta bai mutu ba. Akwai safar hannu a aljihunsa, bai sa ba, don Maxine ba ta sa ba ranar da ta ja. Ya ja. Shekara arba'in da uku yana shafa wa abin nan mai, bai san haka take da nauyi ba. Ƙarar ta tashi ta ratsa fili, ta bi ta kan ɗakunan kwanan ɗalibai ta haye tudu.

Goma na farko ya yi su da ƙarfi. Wajen sha biyar tagogi suka fara buɗewa, ɗalibai suka fara fitowa, wasu da takalmi ƙafa ɗaya, sun zaci gobara ce. Yawancinsu ba su taɓa jin ƙarar ba tunda suka shigo makarantar. A bugu na ashirin da biyu kafaɗar ta ƙi. Ya tsaya yana haki, igiyar ta yi ja a inda ya riƙe. Wani ƙaton ɗalibi cikin wandon barci, ƙarfe huɗu na yamma, ya matso ya ce, "Yallaɓai, me ya faru ne?"

"Mun ci."

"Mun ci me?"

"Wasa. Saura tara."

"Kawo in ƙarasa maka, hannunka na jini."

Orval ya girgiza kai. "Wanda ya fara shi ke ƙarasawa. Kai ka zo baɗi, ka zo da wuri."

Ya naɗa igiyar a damtsen hagu, ya riƙa sakin nauyin jikinsa gaba ɗaya a kanta. 'Yan wasa suka cire hulunan kwano suka kewaye shi suna ƙirgawa da ƙarfi, yaran da suka fito don gobara su ma suka kama ƙirga ba tare da sun san me ake ƙirgawa ba. Tsakanin bugu da bugu sai ka ce ba za a sake ba, sai kuma ya sake. Da aka kai talatin da ɗaya ya saki igiya, bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya nufi mota. Koci ne ya tuƙa shi, don ba ya iya riƙe sitiyari.

Tana nan a baranda inda ya bar ta, ƙanƙara ta ɗan zuba a gefen bargo. Maƙwabciya ta tashi ta shige ciki. Maxine ta juyo da fuska wajen takunsa, kumatunta a jiƙe.

Ta ce, "Talatin da ɗaya."

"Talatin da ɗaya."

"Daga ashirin da biyu abin ya zama jan ƙafa. Ko wane ne, ba ya cin abinci." Ta ɗan huta. "Wa ya ja?"

Ya durƙusa a gabanta ya sa mata katin a hannu. Ta shafa gabansa, ta shafa bayansa, ta bi gefensa da yatsa. Ta ce, "Ka san ba na gani, tsoho. Karanta min."

"Orval Tackett," ya ce. "Aji ɗaya. Ilmin ƙasa da tsirrai, Talata da Alhamis, a ginin kimiyya."

Ta ajiye katin a cinya, ta lalubo hannayensa biyu ta juya su, ta taɓa tafin a hankali. Ya ɗan janye don zafi.

"Babu safa?"

"Babu."

"Ɗauko bandeji, yana cikin durowar kicin."

Ya ɗauko ya miƙa mata. Ta ɗaure masa da lalube, wani wuri ya yi sako-sako, wani ya matse. Ya juya hannun ya duba, ya ce ɗaurin bai yi kyau ba, ta sake. Ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce ai ta sani. Ta kwance ta fara daga farko.